Layin da ke Saman Allo

Fadaman Mada, Bauchi
12 ga Yuni

Zuwa ga ƙawata Liatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da su Christabel. Ya damina? An ce bana Bogoro kun fi mu samun ruwa. Allah ya sa a gama lafiya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Bappa direba. Maganar ba ta waya ba ce. A ofis 'yan aiki na gefena, a gida kuma jikoki ba sa barin mutum ya yi minti biyu shi kaɗai.

Kin san manhajar da muke buga takardu da ita tun kina nan. To, za a sauya ta. Akwai wani jami'in sashen kwamfuta, Mahfuz, ya zo bayan kin yi ritaya, shi aka ba aikin tsara wa hukumarmu tata. Ya gama komai sai abu ɗaya, wato layin nan na saman allo inda maɓallan ajiyewa da bugawa da gyaran haruffa suke, wanda suke ce wa tulba. Ya zana iri uku. Na farko irin namu ne na da, kalmomi a jere, ƙananan hotuna a ƙarƙashi. Na biyu faffaɗa ne, an kasa shi shafi-shafi, hotuna zalla masu launin toka. Na uku siririn layi ne da yake ɓuya sai ka kai maus wurin.

An kafa kwamitin mutum biyar don a zaɓi ɗaya. Darakta, Alhaji Mijinyawa, ya faɗa a gaban kowa cewa tun da ni ce shugabar masu buga takardu, abin da na ce shi za a yi. Mutane suka yi ta taya ni murna.

Liatu, ba na ganin layin nan. Tun azumin bara abin ya fara. Tsakiyar allo ina gani sarai, amma sama kamar an shafa masa toka. Sai na ɗaga haɓa na matso kafin in gane abu, shi ma ba kullum ba. Hannuna ne ya haddace wuraren. Na uku daga hagu ajiyewa, na huɗu bugawa, haka nake yi, babu wanda ya sani. Har Charity, ɗaya daga cikin masu buga takarduna, tana yabona wai Mama ba ta ko kallon tulba don ƙwarewa.

Idan aka matsar da maɓallan nan, ranar asirina zai tonu. Saura mini shekara ɗaya da wata bakwai in cika shekara talatin da biyar a aiki. Ba na so a fitar da ni da takardar likita kamar wadda aka gaji da ita. Ina so in fita da ƙafata, a yi mini walima kamar yadda aka yi miki.

Abu ne mai sauƙi in ce na farko nake so. Wa zai yi mini musu? Amma tun da na yanke haka a raina, abinci ya daina shiga.

Ko maigida ban gaya wa ba. Ki yaga takardar nan idan kin karanta.

Taki har kullum,
Habibatu Jalo

*

Bogoro
17 ga Yuni

Habiba,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya, masara ta kai gwiwa, awaki na neman kashe ni.

Na karanta takardarki sau biyu, ban yaga ba, kuma ba zan yaga ba. Ke ce kika riƙa jan kunnenmu a makarantar koyon tafireta cewa mai buga takarda idonta ne jarinta, yau ke ce kike zaune da ciwon ido shekara guda kina ƙirga maɓalli kamar mai tsince shinkafa? Haba Habiba. Ina ruwana da tulba? Su zaɓi wanda suka ga dama, ko su cire shi gaba ɗaya. Ki je asibiti. Wata a cocinmu haka nata ya fara, ta ce tabarau ne kawai take bukata, yanzu jikarta ke jan ta zuwa kasuwa.

Na san ki. Za ki ce sai bayan an gama kwamiti, bayan kwamiti sai bayan Sallah, bayan Sallah sai bayan bikin wance. Tun muna 'yan mata haka kike, ko haƙorinki na ciwo sai kin gama shafin da kike bugawa.

Game da zaɓin kuwa, ban ga laifi ba idan kin ce na da. Shekara talatin da uku kina yi musu aiki, idan layi ɗaya a saman allo zai rufa miki asiri, ki karɓa. Amma ki gaya wa Malam Jalo. Mutumin da yake kai ki ofis kullum a mashin ai ya cancanci ya sani.

Na ba Bappa acca kaɗan ya kawo miki. Ki gaida yara.

Taki,
Liatu

*

Sashen Kwamfuta
20 ga Yuni

Hajiya Habibatu Jalo,
Shugabar Sashen Buga Takardu.

Ranki ya daɗe,

GWAJIN TSARIN TULBA

Bayan gaisuwa da girmamawa, an umarce ni in sanar da ke cewa Darakta ya amince a yi gwaji kafin kwamiti ya zauna. Za a yi shi ranar Talata, 27 ga wata, da ƙarfe goma na safe, a ɗakin taro.

Kowace mai buga takarda za ta buga wasiƙa guda sau uku, sau ɗaya da kowane tsari, ta gyara ta, ta ajiye, ta fitar da ita a firinta. Zan riƙe agogo in rubuta lokacin kowa, in miƙa wa kwamiti. Darakta ya nemi ke ma ki shiga, domin a ga yadda hannun ƙwararre zai karɓi kowane tsari.

Ina roƙon ki sanar da Malama Charity da Malama Maimuna. Idan akwai abin da kike so a gyara kafin ranar, a shirye nake.

Na gode.

Mahfuz Sabitu
Jami'in Kwamfuta

*

Fadaman Mada, Bauchi
28 ga Yuni

Ƙawata Liatu,

Bayan gaisuwa, acca ta iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Faɗanki ma ya iso. Ban je asibiti ba tukuna, ki yi haƙuri, ki ji abin da ya faru.

Jiya aka yi mana gwaji, kamar 'yan makaranta, Mahfuz na tsaye da agogo. Da tsarin farko na riga kowa gamawa. Na uku ba wadda ta so shi, har Charity ta ce layin nan wasan ɓuya yake yi da mutane. Matsalar na biyu ce. Su Charity da Maimuna kamar an haife su da shi. Abin da muke shiga ƙofa uku kafin mu samu, su dannawa ɗaya suke yi. Na ji ƙarar firinta sau biyu alhali ni ban ma gano inda ake ajiyewa ba.

Na kai hannu inda na saba, na danna. Wasiƙar gaba ɗaya ta ɓace daga allo. Gumi ya karyo mini, ga fanka na juyawa. Sai na ji bakina yana cewa maus ɗin ne ya lalace. Mahfuz ya dube ni, ya cire shi ya sa mini wani. Na tabbata ya san lafiyarsa lau. Allah ya taimake ni Darakta ya fita amsa waya a lokacin.

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Farkon watan nan mun fitar da takardar gayyatar taron shugabannin shiyya. Maimuna ta buga, ta sa 15 maimakon 25 a layin sama. Ni ce mai dubawa, na karanta na sa hannu. Mutum tara suka taso daga Azare da Misau da Ningi, suka tarar ba taro. Yau da safe aka ba Maimuna takardar tuhuma, kuma tana cikin waɗanda za a yi wa ƙarin girma bana. Da Darakta ya tambaye ni, cewa ya yi shi ya san Hajiya ba ta barin kuskure ya wuce, sai dai idan yarinyar ta sauya bayan an duba. Na yi shiru, Liatu. Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Da azahar na tarar da ita a bayan ofis inda muke alwala, tana share ido da mayafi. Ta ce, "Mama, wallahi ban taɓa takardar ba bayan kin sa hannu." Na ce mata na sani, ta yi haƙuri. Na sani ɗin ne ya fi komai ciwo.

Kwamiti zai zauna 11 ga Yuli. Na rasa inda zan sa raina. Ki taya ni da addu'a.

Taki,
Habibatu

*

Ƙofar Wambai, Bauchi
30 ga Yuni

Mama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa. Wannan ba takardar ofis ba ce, da hannuna na rubuta, na kuma yi manyan haruffa da gangan. Idan na wuce iyakata, ki yafe mini.

Ranar gwaji na ga yadda kike ɗaga haɓa idan za ki dubi saman allo. Na san wannan ɗagawar. Haka Babanmu ya riƙa yi idan zai karanta lambar yadi a saman kantar shagonsa na kasuwar Wunti. Muka ɗauka tsufa ne. Da muka kai shi asibiti aka ce hawan jinin ido ne, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare abin da ya rage. Mun makara. Yanzu a zaure yake wuni.

A takardar sakamako na bar gurbinki na tsari na biyu babu komai, na rubuta cewa an samu matsalar na'ura. Ban gaya wa kowa ba, ba kuma zan gaya ba.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma a tsorace nake. Wata takwas na yi ina wannan aiki. Darakta ya ce idan tsohon tsari za a koma wa, bai ga amfanin sashena ba, za a mayar da ni ofishin shiyya, ga iyalina ba ta daɗe da haihuwa ba, ga Baba. Tun da aka ce bakinki ne hukunci, ko zuwa gaishe ki sai na yi ta jinkiri.

Ga abin da zan iya. Idan kika zaɓi na biyu, zan sa miki tsohon tsarin a kwamfutarki ke kaɗai, kowane maɓalli a inda hannunki ya san shi. Teburinki na fuskantar bango, ba mai lura. Ki ƙarasa lokacinki cikin mutunci. Na san akwai amfanina a ciki, shi ya sa na faɗa miki tun da wuri. Ko kin karɓa ko ba ki karɓa ba, don Allah ki je a duba idon.

Ɗanki,
Mahfuz

*

Bogoro
5 ga Yuli

Habiba,

Gaisuwa. Na samu takardarki ta ranar 28, da ta yaron nan da kika haɗo mini, kika rubuta a bayanta wai ga mafita Allah ya kawo. Yaron kirki ne, Allah ya raya masa jaririnsa. Amma na janye abin da na ce miki a baya.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Kin ɗauka na bar aiki da wuri ne don maigida ya matsa mu dawo gida. Haka na faɗa wa kowa. Kin tuna Yelwa, wadda take ɗakin ajiyar fayil? Kin tuna fayil ɗin da ya ɓata aka ce ita ta jefar, aka tura ta shiyya? A jakata yake, Habiba. Na tafi da shi gida in ƙarasa aiki, na manta, sai bayan mako uku na gan shi. A lokacin an riga an hukunta ta. Na ce gobe zan faɗa. Goben ba ta zo ba. Na mayar da shi a ɓoye na cusa bayan kabad. Daga nan duk ranar da na shiga ofis sai in ji kamar ana kallona, har na gaji na ajiye aikin. Kuka yi mini walima, kika tashi kika yi jawabi kan amanata. Shinkafar ranar ban iya haɗiye ta ba.

Yelwa ta rasu shekara uku da suka wuce. Na je gaisuwa, 'ya'yanta suka shimfiɗa mini tabarma suna godiya wai ƙawar mamansu ta zo.

Dabarar Mahfuz za ta rufe tulba, ba za ta rufe Maimuna ba. Kuma wata takardar za ta sake wuce ki, wata yarinyar ta ɗauki laifin. Ba na ce ki yi kaza ba, ni da ban iya ba ina zan samu bakin umarni. Na dai gaya miki yadda walimar take idan an ci ta haka.

Idan kin ga ba za ki ƙara rubuto mini ba bayan wannan, na fahimta.

Taki,
Liatu

*

Fadaman Mada, Bauchi
12 ga Yuli

Ƙawata Liatu,

Bayan gaisuwa. Kwana biyu na yi ina jin haushinki, ban san ko don Yelwa ba ne ko don kin rufe mini ƙofar da nake shirin bi. Wannan maganar sai mun haɗu. Amma rubutu kam ga shi na rubuto.

Ranar Lahadi na gaya wa Malam. Ya ce dama ya lura ina karo da igiyar shanya, yana jira ne in faɗa da kaina.

Jiya kwamiti ya zauna. Mahfuz ya karanta sakamako. Sauran 'yan kwamitin suka ce su duk wanda aka zaɓa daidai ne. Darakta ya juyo ya ce to Hajiya, muna saurare. Har lokacin ban san abin da zai fito daga bakina ba. Na riƙe gefen tebur.

Na ce na biyu na zaɓa, domin masu aiki da shi shekara ashirin nan gaba sun fi sauri a kansa. Na ce amma da sharaɗi: a rubuta sunan kowane maɓalli a ƙarƙashin hotonsa, da Hausa da Turanci, da baƙin rubutu mai kauri, a bar launin tokan nan. Darakta ya tambayi dalili, ya ce ai zai cika allo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, domin akwai wanda ba ya ganin hotunan. Ni ce. Shekara guda ke nan ba na ganin saman allo. Kwanan watan da ke takardar gayyata ma ban gan shi ba, na sa hannu. Maimuna ba ta sauya komai ba."

Mahfuz ya sunkuyar da kai. Darakta ya cire hularsa ya mayar. Na zaci zai yi faɗa, da ma faɗan ya yi. Cewa kawai ya yi an karɓi tsari na biyu da sharaɗin Hajiya, sauran maganar kuma in rubuto a takarda. Ya tashi ya fita, bai ko tsaya addu'ar rufe taro ba.

Mahfuz ya biyo ni baranda yana cewa Mama me ya sa, ai da na bari ya yi yadda ya ce. Na ce masa ya je ya ƙara wa haruffansa kauri.

Maimuna na kira ta na gaya mata da bakina, a gaban Charity. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta dube ni ta ce, "Mama, kwana goma sha uku kin bar ni da laifin." Ta koma kujerarta. Yau da safe ta gaishe ni, amma daga nesa. Ban ga laifinta ba.

Na rubuta takardar, na miƙa. Gobe Malam zai kai ni asibitin ido. Ban san wanne na fi tsoro ba, bakin likita ko na Darakta.

Ki gaida maigida.

Taki,
Habibatu

*

Fadaman Mada, Bauchi
26 ga Yuli

Liatu,

Gaisuwa mai yawa. A taƙaice zan rubuta, maganin da ake ɗiga mini yana sa idon yaji.

Hawan jinin ido ne. Na hagu ya yi nisa, na dama likita ya ce za a iya tsare shi idan ban yi wasa da magani ba.

An janye takardar Maimuna, sunanta ya koma jerin ƙarin girma. Ranar Litinin aka sa sabon tulba a kowace kwamfuta. Ina iya karanta kalmomin idan na matso.

Tawa maganar an miƙa ta ga kwamitin likitoci. Su za su ce in ƙarasa ko in tafi. Za su gan ni ranar Alhamis, 10 ga Agusta, ƙarfe tara. Malam zai kai ni, amma an ce mace ɗaya za ta iya shiga da ni ciki.

Ki bar wa Christabel awakin, ki zo tun Laraba. Tsoro nake ji.

Taki,
Habiba